Gidan Tarihin Kanta na Argungu: abin da na gani da abin da na jiyo

Takardu bakwai ne suka kai ni Argungu. Su kaɗai suka tsira daga gafakar kakanmu, wadda ta yi shekara da shekaru rataye a ƙuryar ɗakin Baba a Kakuri, nan Kaduna, har rufi ya fara yoyo, gara ta samu hanya. Ranar da muka sauke ta, bayan sadakar arba'in ɗin Baba, fiye da rabin abin da ke ciki ya zama gari. Wani yayanmu ya tattara gutsattsarin ya ƙona don gudun kada a taka sunan Allah. Da kyakkyawar niyya ya yi, tarbiyyar da aka yi mana ke nan, kuma ina tsaye ban ce uffan ba. Sai da na kwanta da dare abin ya dawo mini: babu wanda ya tsaya ya duba ko cikin abin da wuta ta cinye akwai sunan kakan kakanmu.

Baba Bakabe ne, da zanensa a kumatu. Ya bar ƙauyensu da ke kusa da Gulma tun yana saurayi, ya zo aikin masaƙa lokacin da masaƙun Kaduna ke ɗibar mutane daga ko'ina, ya yi aure a nan, ya haife mu a nan. Mutum ne mara yawan magana. In an taɓo zancen gida, abu ɗaya yake maimaitawa, wai Argungu ba ta sunkuya wa kowa ba. Ni kuwa a makaranta an koya mini cewa an ci Kabi da yaƙi a 1805, aka wuce wurin a layi biyu. Da maganganun nan biyu na girma, ban taɓa zama na daidaita su ba, don ni malamin lissafi ne. 'Yata ta biyu, wadda ke aji biyar na sakandare, ita ta matsa mini. Ta ce, "Baba, in Kaka ne mai gaskiya, littafin ya yi kuskure ke nan?" Da hutun ƙarshen shekara ya zo, cikin hunturu, muka sa takardun a ambulan muka kama hanya.

Wannan rubutu na yi shi ne don wanda ke tunanin zuwa Gidan Tarihin Kanta, musamman irina, wanda iyayensa suka fito daga ƙasar Kabi shi kuma ya tashi a wani wuri. Tun farko zan faɗi ra'ayina: wurin ya cancanci kuɗin motar da gajiyar hanya, amma ya kamata mutum ya san irin abin da zai tarar, don kada ya je neman wani abu ya kasa ganin wanda ya fi shi.

Samun gidan ba wuya. Daga Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce, daga Birnin Kebbi kuwa ba ta kai haka ba. In ka sauka a tasha, ka ce wa ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaba a bakin mutanen can, ya kai ka gidan tarihi kusa da babbar kasuwa. Mu a gidan Baffa muka kwana, ƙanen Baba da ya rage, shi ya raka mu da safe bayan mun karya da fura.

Ginin kansa shi ne abu na farko da ya kamata a tsaya a kalla. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce. A nan suka zauna har 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada, sannan aka buɗe wannan a matsayin gidan tarihi a 1958. Na daɗe ina juya shekarar nan a raina. Saura shekara biyu Najeriya ta samu 'yancin kai, babu jihar Kebbi sai bayan shekara talatin da uku, babu jami'a ko ɗaya a Arewa, amma mutanen wani ƙaramin gari a bakin gulbi suka ga cewa gidan da sarki ya tashi bai kamata a rushe shi ko a raba wa 'yan uwa ba, a tara kayan kakanni a ciki kowa ya zo ya gani. Garuruwa nawa muka sani da suka rushe tsohuwar fadarsu suka zuba bulo? Ko da babu komai a cikin ɗakunan, wannan shawarar kaɗai abin yabo ce.

Ɗakuna goma sha ɗaya ne. Kana fita daga wannan kana shiga wancan, ta ƙofofin da ke sa dogon mutum ya ɗan rusuna, kuma kaurin bango ya sa ciki da sanyi ko da rana ta ɗaga. Mafi yawan abin da ido zai fara sauka a kai kayan yaƙi ne: masu, takubba, baka da kibau, bindigogin gargajiya, ganguna, da layu iri-iri. 'Yata ta tambaye ni a hankali me ya sa kusan komai na faɗa ne. Ban amsa mata nan take ba, sai da muka gama zagayen amsar ta fito da kanta. Masarautar da ta shafe mafi yawan ƙarni na 19 tana kare kanta, abin da za ta gada ke nan. Layun ma na tsaya a kansu. Wasu masu zuwa sukan kau da kai, suna ganin abin da bai dace a nuna ba ne. Ni na ga dacewar ajiye su. Haka mutanen suka fita fagen fama, da imaninsu da tsoronsu a ɗaure a damtse, kuma gidan tarihin da ya ɓoye wannan ya rage gaskiya.

Mutumin da ya zaga da mu shi ne rabin darajar ziyarar. Magidanci ne, yana magana da Hausar yamma tsantsa, irin wadda Baba ke komawa gare ta in ya yi fushi ko ya yi murna, har sai da na riƙa fassara wa 'yata wasu kalmomi. Abin da ya fi burge ni da shi, yana rarrabe abin da aka rubuta da abin da aka ji a bakin dattawa. In labari na baka ne sai ya ce haka aka ce, ba ya rantsuwa a kai. Misali sunan garin: ya ba mu labarin da kowa ya sani, cewa daga kiran a taru a yi gungu aka samo shi, amma ya bar shi a matsayin abin da ake faɗi. Na sha zuwa wuraren da mai rakiya zai haɗa tatsuniya da tarihi ya dama su kamar fura, ka fito ba ka san wanne za ka riƙe ba. Nan ba haka aka yi mana ba.

Ga yadda na fahimci zancen, bayan na haɗa abin da ya faɗa da abin da na karanta daga baya. Muhammadu Kanta, wanda gidan ke ɗauke da sunansa, jarumi ne da ya yi yaƙi tare da rundunar Askiya Muhammadu na Songhai. Bayan yaƙin Agadas suka saɓa a kan rabon ganima, wajajen 1516, Kanta ya ɓalle, Songhai ta aiko da mayaƙa ya kore su, ya kafa daular da a zamaninta ta gagari manyan makwabtanta. Birninsa Surame, wanda kufansa da ganuwarsa ta duwatsu ke nan har yau a cikin jihar Sakkwato. Daga baya aka koma Birnin Kebbi. A nan na tuna da abin da ke damun Baba, wato jin ana lissafa Kabi cikin banza bakwai. Yakan yi tsaki ya tashi. Da na tsaya a cikin gidan nan na gane dalilinsa. Kalma ce da aka gada daga labarin Bayajida, ana koya wa yara ita ba tare da an gaya musu cewa wannan ƙasa ta taɓa tsayawa ƙafa da ƙafa da Songhai ba.

Sai batun 1805, inda littafin makarantarmu ya tsaya. Gaskiya ne, a shekarar rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. A cikin wannan shekarar kuma aka yi yaƙin Alwasa, inda Kabawa da Gobirawa da Abzinawa suka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna kafin a tare su a Gwandu. Alwasa kuwa ba ta da nisa da Argungu. Hodi ya ci gaba da faɗa har aka kashe shi a 1826. Bayansa Karari ya riƙe Argungu, shi ma aka ci ƙarfinsa a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya zauna shekaru masu yawa. A 1849, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Nabame ya dawo ya ɗaga tutar Kabi, Zabarmawa da Arawa da mutanen Dandi suka mara masa baya. Daga wannan shekara har zuwan Turawa, ba a sake cin Argungu ba. An yi wani sulhu cikin shekarun 1860 da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, amma bai yi tsawon rai ba. Sarki Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya hau a 1883, shi Turawa suka tarar a 1902, kuma ya ci gaba da sarauta har 1915.

To, ga amsar tambayar 'yata. Littafi bai yi kuskure ba, kuma Baba bai yi ƙarya ba. Littafin ya tsaya a 1805, Baba ya fara daga 1849. Shekarun da ke tsakani da waɗanda suka biyo baya, su ne ba a koya mana ba, kuma su ne wannan gida ke riƙe da su.

Ina so a fahimce ni a nan, don magana ce mai nauyi. Ni Musulmi ne da aka yi wa karatu da littattafan Shehu Usmanu da na Malam Abdullahi, kuma ƙaunarsu tana cikin jinina kamar kowane ɗan Arewa. Sanin cewa kakannina suna ɗaya ɓangaren a wasu yaƙe-yaƙen bai rage wannan ƙauna ba ko ƙwayar zarra. Mai rakiyarmu ma da ladabi yake ambaton sunayensu, da addu'a. Abin da na gani a Argungu shi ne mutane suna iya faɗin nasu labarin ba tare da zagin kowa ba. Akwai ma wani abu da ban sani ba sai ranar: sarautar Sarkin Kabi ba a Argungu kaɗai take ba, akwai Sarkin Kabin Yabo, wanda gidansa ya samo ta daga ɓangaren jihadi. Suna ɗaya, gidaje biyu, kuma kowane yana da tarihin da ya sa yake amsa shi.

Daga ɗakunan aka kai mu inda kaburburan sarakuna suke, don a cikin gidan ake binne su. Wannan ya bambanta wurin da sauran gidajen tarihin da na sani. Ba ajiyar kaya kawai ba ce, makwanci ne. Baffa ya cire takalmi, muka bi shi, ya ɗaga hannu muka yi musu addu'a. Na lura muryar kowa ta sauka da kanta. Shawarata ga mai zuwa, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya ya ɗauki hoto a ko'ina cikin gidan, balle a nan, kuma ya ja wa yaransa kunne tun daga ƙofa.

Sai da muka gama na fito da ambulan ɗina. Na yi zaton za a ce ba aikinsu ba ne, kuma da an faɗi haka ba zan ga laifi ba. Amma mutumin ya zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe su a tafin hannu ba da yatsu biyu ba, sannan ya ce akwai waɗanda suka fi shi ido a irin wannan rubutu. Shi da Baffa suka yi shawara, suka ambaci wani dattijon malami a cikin gari. Wannan, a ganina, shi ne babban aikin da gidan tarihin ƙaramin gari ke yi wanda na babban birni ba zai iya ba: ya san wa ya san me. Ya san gidan da ke riƙe da jerin sarakuna, ya san maroƙin da ya haddace kirarin zuriya, ya san tsohon da zai gaya maka inda ƙofar gari take kafin a faɗaɗa hanya. Ba a rubuce wannan sani yake ba, a kawunan mutane yake, gidan kuwa shi ne mahaɗarsu.

Bayan la'asar muka je zauren malamin. Baffa ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗan yayana ne daga Kaduna, ya zo da takardun mahaifinmu." Malam ya sa aka shimfiɗa buzu a bakin ƙofa inda haske yake. Uku daga cikin takardun, ya ce, warƙoƙi ne na wani littafin fiƙihu na farkon karatu, an kwafe shi da hannu. Ya ɗaga ɗaya ya saita ta da rana ya nuna wa 'yata alamar jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Daga baya na karanta cewa irin wannan takarda daga Italiya ake kawo ta, ta ratso sahara, kuma da ita aka rubuta littattafai da yawa a ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Biyu addu'o'i ne. Ɗaya wasiƙa ce da Larabci a kan bashin hatsi tsakanin mutum biyu. Ta bakwai ita ce ta sa Baffa ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Da ajami aka rubuta ta, da hannun mahaifin kakanmu, jerin sunayen 'ya'yansa ne, kowane da abin da ya faru a shekarar haihuwarsa. Na fari an haife shi bayan zuwan Nasara da shekara biyu. Kakanmu kuwa a shekarar babbar yunwa. Malam ya ce yunwar da ta biyo bayan farin 1913 ke nan, wadda a wurare da yawa ake kira Kakalaba, don haka haihuwar ta faɗa 1914. Akwai sunaye biyu na mata da Baffa bai taɓa ji ba, an ja ɗan layi a gefensu. Malam ya ce ga alama ba su rayu ba, kuma shekarun da aka sa musu suna kusa da yunwar.

Wasiƙar bashin hatsin ita ce kaɗai Malam ya sha wahalar karantawa, kuma dalilin yana ba ni takaici har yanzu. Kafin mu taso na kai ta wani shagon kwafin takardu a Kaduna, na ce a yi mini hotonta. Yaron shagon ya ba ni shawarar a lulluɓe ta da roba mai zafi don ta daɗe, na yarda, kafin in ankara ta shiga inji ta fito. Zafin ya sa tawadar ta baje, wasu kalmomin suka haɗe, kuma ba a iya ɓare robar ba tare da an yage takardar ba. Duk mai tsohuwar takarda ya ji wannan: kada ka bari a manne ta da roba, kada ka liƙa mata salatif, kada ka fesa mata maganin ƙwari. Tawadar gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ruwa da zafi duk abokan gabanta ne. Ka shimfiɗa ta a inuwa, ka ɗauki hotonta da waya gaba da baya, ka sa ta tsakanin fararen takardu biyu, ka ajiye inda babu laima, nesa da ƙasa.

Yanzu ga abin da ya kamata mai zuwa ya sani don kada ya yi zaton da ba shi ba. Ƙarfin Gidan Tarihin Kanta yana cikin gini, da kaya, da kaburbura, da bakin mutane. Wanda ke neman fayilolin zamanin Turawa, hanyarsa Kaduna ce, a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda takardun tsohon lardin Sakkwato suke, don Argungu a ƙarƙashinsa take a lokacin. A ciki akwai rahotannin kimanta haraji, inda jami'an mulkin mallaka suka bi gunduma-gunduma suna rubuta ƙauyuka da yawan mutane da dabbobi da sana'o'i. Akwai kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Wanda ke neman rubuce-rubucen malaman jihadi kuwa, ya nufi hukumar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Duk wuraren nan taskoki ne. Amma a lura da idon da ya rubuta abin da ke cikinsu. Takardun Kaduna idon mai karɓar haraji ne. Na Sakkwato da Gwandu idon malaman da suka yi nasara ne, kuma su ne suka fi kowa riƙe alƙalami a zamaninsu. Idon Bakabe, masunci da manomin fadama da mayaƙin da ya tsaya a bakin ganuwa, a Argungu ake samunsa, kuma mafi yawansa bai taɓa hawa takarda ba.

Wannan ne ya sa nake jin tsoro. Malamin da ya karanta mana takardu ya haura tamanin. Baffa yana bin sa a baya. Shekara biyu da suka wuce na je wani gari, ba zan kama sunansa ba, inda aka ce akwai ɗakin tarihi da wata ƙungiyar 'yan gari ta kafa. Kwana biyu ina zarya, mai mabuɗi ya yi tafiya, babu wanda ya san ranar dawowarsa. Ta taga na leƙa, na ga kwalaye a ƙasa, ƙura ta rufe su, jemagu sun yi gida a rufi. Waɗanda suka kafa ɗakin sun rasu, 'ya'yansu suna Abuja. Argungu ta tsira daga wannan saboda masarauta tana raye a gefen gidan, kuma mutanen gari suna ɗaukarsa nasu. Amma abin da ke cikin kawunan tsofaffi, babu bangon da zai tsare shi. Wannan nauyi ba na ma'aikatan gidan ba ne su kaɗai. Namu ne, mu 'yan asalin ƙasar da ke Kaduna da Kano da Legas, masu ƙungiyoyin da ke tara kuɗi duk wata. Kowane saurayi yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Da za a ware ɗan abin da za a ba ɗalibai biyu ko uku su bi Augie da Kangiwa da Kamba suna zama da dattawa, su ƙetara har Dosso da Dogon Dutsi da Gaya a Nijar, inda jikokin abokan yaƙin Nabame suke da nasu ɓangaren labarin, da an tara abin da babu kuɗin da zai saye shi nan da shekara ashirin.

Washegari Baffa ya kai mu Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Ba lokacin biki ba ne, ruwan shiru, sai 'yan yara a gefe. Yawancin mutane da bikin kaɗai suka san Argungu: dubban masunta da homa da gora suna faɗawa ruwa a lokaci ɗaya, wasannin Kabanci, tseren kwale-kwale, kamun agwagwar ruwa, da katon giwan ruwan da ake ɗorawa a sikeli. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma wanda bai shiga gidan tarihi ba, bai san abin da bikin ke nufi ba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka shirya masa kamun kifi na musamman, kuma daga nan ake ƙirga bikin a yadda aka san shi yau. Bayan na ga masu da kibau na jiya, na ji sunayen Hodi da Karari da Nabame, sai na gane girman abin: jikan Shehu ne ya zo baƙunci garin da aka yi kusan ƙarni ana gwabzawa da shi, aka tarbe shi da kifi. Al'adun ruwan kansu, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa da Sarkin Ruwa ke jagoranta, sun girmi 1934 nesa ba kusa ba. Baffa ya ce mahaifinsu ya shiga su a Matan Fada yana saurayi, da gorarsa.

Ga mai shirin zuwa, shawarata ya guji kwanakin biki in tarihin yake nema, don a lokacin gari cike yake kuma kowa hankalinsa na bakin gulbi. Ya je da safe, ya ware aƙalla awa biyu, ya tafi da littafin rubutu da biro, kuma in zai yiwu ya tafi da wani dattijo ɗan gari, don gaisuwarsa tana buɗe bakin da tambayar baƙo ba ta buɗewa. Ya riƙe ɗan abin alheri ga wanda ya zaga da shi da malamin da ya ba shi lokacinsa, ya kuma tafi da goro in zai shiga zauren dattijo. Malaman makaranta kuwa, musamman na Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ban ga dalilin da zai sa yaro ya gama sakandare bai taka gidan nan ba.

'Yata ta cika shafi goma sha huɗu. A mota tana ta jera sunayen sarakuna da shekarunsu, tana tambayata inda ta yi tsallake. Na wanke hotunan takardun bakwai na bar wa Baffa kwafi, na aika wa yayyena ta WhatsApp, har da wanda ya ƙona gutsattsarin, shi ne ma ya fara kira yana tambayar sunayen matan nan biyu. Da za mu rabu a tasha Baffa ya riƙe hannuna ya ce akwai wata gwaggonmu a ƙauye, 'yar ƙanen kakanmu, idonta ya tafi amma kanta garau, kuma ita ce ta haddace waƙoƙin daka da ake ambaton sunayen gidanmu a ciki. Na sayi sabon katin ajiya na waya, na ce wa 'yata ta tanadi tambayoyinta. Hutun zangon karatu na biyu za mu koma, in Allah ya kai mu, mu fara da ƙauyen, sannan mu nemi wanda zai raka mu Surame kafin ruwa ya sauka hanya ta ɓaci.